Kaya a Hannunmu, Mabuɗi a Hannunsu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan bokon ƙasar nan tamu ta Gana, ni kuwa na gaji da jinta. Duk sa'ad da mutumin arewa ya yi kuka da wayarsa, ko da kwamfuta, ko da kuɗinsa da suka maƙale a cikin iska, sai a ce masa, "Ai rashin wayewa ne. Ku koyi zamani." Ana faɗarta a ofis, ana faɗarta a rediyo, har 'ya'yanmu da muka sayar da tumaki muka biya wa kuɗin makaranta sun iya jefa wa iyayensu ita. Ina so in amsa wannan magana a nan, gama ƙarya ce, ƙarya kuwa mai tsada, tun da yake mu ne muke biyan kuɗinta kowace safiya.

Dubi mutumin da ake cewa bai waye ba. Ɗan kasuwar Pusiga yana riƙe da lissafin kuɗi iri biyu a kansa, sidi da sefa, ba alƙalami ba takarda. Yakan ƙetare ta Pulmakom ya shiga kasuwar Sinkase, ya yi ciniki da harshen Moshi, ya dawo gida ya yi da na Kusasi, da na Busanga, da Hausa. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a kan bencin makaranta ba ta san lambar wayar kowane ɗanta da ka, ta kuma san wurin da za ta danna ta aika da murya zuwa Kumasi. Yaranmu da suka tafi Suame Magazine sukan kwance injin tirela su ɗaura shi, ba wanda ya ba su littafi. Irin waɗannan mutane ne za a ce ƙaramar waya ta fi ƙarfin hankalinsu? Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalili, dalilin kuwa ba a kanmu yake ba.

Ga dalilin. Dā, in mutum ya sayi keke ko rediyo ko keken ɗinki, kayan sun zama nasa ɗungum. In ya ga dama ya kwance, in ya ga dama ya kai wa mai gyara, in ya mutu ɗansa ya gāda. Kayan zamanin nan ba haka suke ba. Jikinsu ne kaɗai ake sayar mana. Abin da yake sa su aiki, watau rubutaccen umarnin da yake ciki wanda ake kira manhaja, yana nan a hannun mai shi, a rufe, ba a yarda ka duba ba, ba a yarda ka gyara ba, ba a yarda ka ba maƙwabcinka ba. Misalinsa kamar mutum ne ya sayi gida ya biya cif, mai sayarwa kuwa ya tafi da mabuɗin ɗaka, yana dawowa kowane wata karɓar haya. In mai gidan ya yi gunaguni, sai a ce bai iya zaman gida ba.

Mu fara da ƙaramin abu wanda kowa ya sani. In na sayi gero kwano ɗaya a kasuwa na ci rabi, ba mai awon da zai biyo ni gida bayan kwana 30 ya kwashe sauran, ya ce wa'adinsa ya cika. Amma shekara da shekaru haka ake yi mana da data, muna kuwa karɓa kamar ƙaddara. Sai a watan Oktoba na 2019 ministar sadarwa ta lokacin, Ursula Owusu-Ekuful, ta umarci kamfanonin waya cewa abin da mutum ya saya bai ƙare ba kada ya ɓace, a haɗa masa da wanda zai saya nan gaba. Lura, ya mai karatu: ba sabon inji aka kawo ba, ba sabon bincike aka yi ba. Takarda guda aka rubuta. Ashe ba na'ura ce take cinye ragowar ba, mutane ne suka zauna suka shirya ta haka.

Sa'an nan ga wayar bashi, wadda ake ba mutum ya riƙa biya kaɗan kaɗan kullum. Ranar da bai biya ba, wani yana zaune a wani gari da bai taɓa gani ba, ya kulle ta. Wayar tana cikin aljihunsa, batirinta cike, amma ta zama dutse. Ban ce a ci bashi a ƙi biya ba. Amma mai bin bashi na dā yakan zo ƙofar gida, ya ga an yi rasuwa ko yaro ba shi da lafiya, ya ce, "Allah ya sawwaƙe, sai wani mako." Na yanzu ba shi da ido. Wanda ya biya tasa wayar duka ma bai tsira ba. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba. Waya lafiyayya, ba ta faɗi ba, ba ta sha ruwa ba, an yanke mata hukuncin tsufa daga Amurka.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin zamani ne. Ni ma ina cin amfaninsa, ina kuma godiya. Tun da MTN ta kawo MoMo a 2009, ɗan da yake aiki a gonar koko a kudu yana iya aiko wa uwarsa kuɗin magani kafin rana ta faɗi, ba sai ya nemi direban lori mai amana ba. Mu da muke nan mun fi kowa sanin darajar wannan. Daga ƙarshen 2021, da rikicin Bawku ya sāke tashi, aka sa dokar hana fita, aka hana maza hawa babur a cikin gari, hanyarmu ta zuwa Bolga kuwa ta nan ta bi, gidaje da yawa da waya suka ci abinci. Don haka ne ma maganar take da nauyi. Abin da ya zama igiyar wuyan mutum, tilas ya tambayi wanda yake riƙe da ɗaya bakin igiyar.

Mun kuwa ga amsar. Daga 1 ga Oktoba 2021 aka ce kowa ya sāke rajistar layinsa da katin ɗan ƙasa, alhali mutane da yawa a ƙauyukan kan iyaka ba su sami katin ba tukuna, waɗansu kuma ana yi musu tambayar ƙure don sunansu ko harshensu ya yi kama da na ƙetare. Aka yi ta ɗaga wa'adi, a ƙarshen Mayu 2023 aka rufe miliyoyin layuka. Wanda aka rufe layinsa, kuɗinsa na ciki ba su ƙone ba, amma hannunsa bai kai gare su ba sai ya bi layi ya yi bayani. Ana cikin wannan, ranar 1 ga Mayu 2022, aka ɗora harajin E-Levy, kashi 1.5 cikin ɗari a kan kuɗin da mutum ya aika sama da sidi 100 a rana. Aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a watan Afrilu na 2025. An sa, an rage, an cire, duk ba wanda ya buɗe jakar kowa, gama jakar ba a hannunmu take ba.

Wannan ciwo ba sabo ba ne a ƙasarmu. Mun taɓa yin irinsa, mun kuma warke, sai dai mun manta da maganin. Waɗanda suka girme ni sun fi ni sanin labarin. A shekarun 1970 gwamnatin Kanada ta taimaka aka haƙa rijiyoyin burtsatse fiye da 2,000 a tsohuwar Jihar Sama, wadda daga baya aka raba ta gabas da yamma. Alheri ne babba, ya rage kurkunu da gudawa, ya hutar da mata daga tafiyar rafi. Aka kafa musu famfunan hannu na ƙasashen waje, irin su Moyno da Monarch. Famfuna ne masu ƙarfi, amma ranar da ɗaya ya lalace a ƙasa, ba wanda ya isa ya taɓa shi a gari. Sai an kai rahoto, a jira ma'aikatan hukumar ruwa su zo da mota da kayan ɗaga bututu. In babu mai a motar, ko kayan gyara ba su iso daga ƙetaren teku ba, sai mata su ɗauki tulu su koma rafi. Ga ruwa a ƙarƙashin ƙafarsu, ga famfo a tsaye, ga ƙishi. A lokacin ma an ce mutanen ƙauye ne ba su iya riƙon kaya ba.

Me ya kawo sauƙi? Wani famfo ne da ake kira Afridev, wanda aka ƙago a Malawi da Kenya a shekarun 1980 da taimakon Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka riƙa maye tsofaffin famfunanmu da shi a shekarun 1990. Bai fi na dā kyan gani ba, ban kuma ce ya fi su ƙarfi ba. Abu biyu ne suka bambanta shi. Na fari, an yi shi domin mutanen gari su gyara da kansu: sifana ɗaya da 'yar ƙugiya sun isa a zaro sandunan, a canja robar da ta cinye, a mayar, ba sai an ɗaga bututu ba. An koya wa maza, an koya wa mata, suka kuwa iya. Na biyu, zanensa ba mallakar wani kamfani ba ne. A buɗe yake, duk maƙerin da ya iya bin ma'aunin yana da izinin ƙera shi da kayan gyaransa, don haka ba mai riƙe gari a wuya da farashi. Mutanen da aka ce ba su iya riƙon kaya ba, su ne ɗin dai suka riƙe wannan. Ba kawunansu aka canja ba, famfon aka canja.

Fataken da suka bi hanyar goro zuwa Salaga sun san wannan tun dā: zangon da yake da rijiyarsa daban yake da zangon da ake sayen ruwa a tulu, ko da ruwan tulun ya fi sanyi.

To, ina so mai karatu ya sani, kwamfuta ma tana da nata Afridev, ya kuwa daɗe a duniya. Wajen 1980 wani masani mai suna Richard Stallman yana aiki a jami'ar MIT a Amurka. Aka kawo musu sabon injin buga takarda wanda yake yawan cije takarda. Ya so ya gyara umarnin injin don ya riƙa sanar da mutane in ya cije, kamar yadda aka yi wa tsohon injinsu, amma aka hana shi ganin rubutun. Ka ji fa, mutumin da ya fi dubunmu ilimin na'ura, abin da ya same shi shi ne abin da ya sami matan ƙauyenmu a bakin Moyno. Shi ba wanda ya ce masa bai waye ba. A 1983 ya fara aikin da ya kira GNU, a 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da ta cika aikin, aka sami abin da yau ake kira Linux. Sharaɗinsa shi ne: ka yi aiki da shi yadda ka so, ka buɗe ka duba cikinsa, ka gyara, ka ba wanda ka ga dama, da asalin da wanda ka gyara.

Turawa suna shan wahala wajen bayyana wannan, gama a Turanci kalma ɗaya ce take nufin abin da ba a biya ba da abin da ba a ɗaure ba. Mu Hausa ta hutar da mu. Kyauta daban, 'yanci daban. Facebook kyauta ne, ba ka biya ko kwabo, amma ba ka san abin da yake ɗauka daga wayarka ba, tallar da ake sayarwa da idonka kuwa ita ce kuɗinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhaja mai 'yanci kuwa za ka iya biyan wani ya sa maka, ka biya shi ya gyara maka, amma kuɗin gumin mutum ne da yake kusa da kai, in bai yi maka daidai ba ka koma wurin wani. Kada kuma a ɗauka kayan talakawa ne marasa inganci. Tun 2017 kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya duk da Linux suke aiki. Android ɗin da yake cikin Tecno da Itel na aljihunmu a kan zuciyar Linux aka gina shi, sa'an nan 'yan kasuwa suka kewaye shi da nasu shinge.

Yanzu mu shiga makaranta, inda abin ya fi yi mini zafi. A watan Fabrairu na 2018 hoton wani malami, Richard Appiah Akoto, na makarantar Betenase a Sekyedumase ta ƙasar Asante, ya zaga duniya. Makarantarsa ba ta da kwamfuta, sai ya ɗauki alli mai launi ya zana fuskar Microsoft Word a kan allo, da kowane maɓalli a wurinsa, domin yaransa su ci jarrabawa. Duniya ta yi ta yabonsa, aka kai shi taro a Singafo, aka aika wa makarantar kwamfutoci. Ni ma na yaba masa, malami ne na ƙwarai. Amma a cikin masu tafin nan kaɗan ne suka tsaya suka tambaya: me ya sa yaron Gana zai haddace fuskar kayan kamfani guda kafin ya ci jarrabawar ƙasarsa? Sa'ad da muke firamare an koya mana rubutu, ba a ce sai da biro na wane kamfani ba. Yaron da aka koya wa hanyar shago ɗaya tun yana ɗan shekara 12, an riga an sayar da shi ga wannan shago har tsufansa, mu kuwa muka biya kuɗin tallar da harajinmu.

Shagon kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, sai ga wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi. Wanda ya gāje shi, Windows 11, ba ya yarda ya zauna a kan kwamfutocin da ba su da wani ɗan ƙaramin guntu na tsaro da inji na baya-bayan nan. Waɗanne kwamfutoci ne a makarantunmu da ofisoshinmu da shagunan buga takarda na Bawku da Yendi? Yawancinsu kwance ne daga Turai, waɗanda suka sauka a Tema bayan masu su sun gama morarsu. Manhajar ofis da dā akan saya sau ɗaya, yanzu an fi tura mutane su yi hayarta shekara shekara, farashin kuwa da dala ake ƙulla shi. Mun ga abin da dala ta yi mana a 2022: a farkon shekara wajen sidi 6 take, kafin Nuwamba ya ƙare ta haura 13. Albashin malami bai ninka ba, kuɗin albasa bai ninka don wannan ba, haya kuwa ta ninka, ba tare da an ƙara mata harafi ɗaya ba.

Ina kuma kwamfutar da aka yanke wa hukunci take zuwa? Duk wanda ya san Ankara ya san Agbogbloshie, inda aka shekara da shekaru ana fasa tsofaffin na'urori, ana ƙona waya don a fitar da jan ƙarfe, kafin a rushe wurin a watan Yuli na 2021. Su wa suke tsaye cikin wannan baƙin hayaƙi? Yawancinsu samarin arewa ne, 'ya'yan Dagomba daga wajen Tamale da Yendi da maƙwabtansu. Ba a koya musu buɗe kwamfuta da sukudireba ba, sun buɗe ta da guduma. Rushe wurin bai hana aikin ba, ya watsa shi ne kawai. Alhali da yawa cikin irin waɗannan injuna, in an sa musu Linux mara nauyi da LibreOffice, za su ƙara shekaru suna rubuta wasiƙa, suna lissafi, suna koyar da yara.

Akwai wani abu kuma wanda aikina ya nuna mini. A cikin ayyukana har da tsaron littattafan rajista na ikilisiya. Mutane sukan zo neman shaidar shekarunsu ko ta aurensu, in buɗe littafin da aka rubuta tun ba a haife ni ba, tawadar ta koɗe amma tana karantuwa sarai. Jerin sunayen da aka shigar a wata manhaja shekaru kaɗan da suka wuce kuwa, da aka canja kwamfuta, ya ƙi buɗuwa, sai wani saƙo yake fitowa yana neman a sabunta biya. Sunayen iyayenmu ne a ciki, mu muka buga su da yatsunmu, ga shi muna neman izinin baƙo mu karanta. Wannan ma akwai maganinsa: tun 2006 hukumar ma'auni ta duniya ta amince da wani buɗaɗɗen tsarin ajiye rubutu wanda kowace manhaja take da izinin karantawa. Haka nan haruffanmu. Shekaru nawa muka yi muna buga Hausa muna bi da biro muna sa wa ɓ da ɗ da ƙ ƙugiya, masu rubuta Kusasi kuma suna fama da ɛ da ɔ da ŋ? Manyan kamfanoni ba su yi gaggawa dominmu ba, gama ba mu da kasuwa a idonsu. Masu aikin harsuna na SIL ne suka yi haruffa irin su Charis da Andika, suka saki Keyman ga kowa. A 2021 kuma samarin Dagomba da kansu suka kafa Wikipedia da harshensu, a kan manhaja mai 'yanci, ba su jira Ankara ta tuna da su ba.

Na san abin da za a ce mini, na kuwa sha jinsa. Za a ce, "Malam, ka cika wahalar da kanka. Ai da sidi kaɗan yaro zai sa maka Windows na bayan fage." Gaskiya ne, haka ake yi ko'ina, har a wuraren da ake koya wa yara cewa sata haramun ce. Amma mai satar mabuɗi bai zama mai gida ba. Har yanzu bai iya gyara ba, har yanzu ranar da mai shi ya canja kwado zai kwana a waje, ga kuma cututtukan na'ura da suke zuwa tare da kayan sata suna cinye aikin mutane. Zanen aro ba ya rufe katara, balle na sata.

Za a kuma ce yana da wuya, ba mai gyara, wani injin buga takarda ba ya jituwa da shi, takardar da aka aiko daga ofishin ilimi takan ɗan karkace in an buɗe ta. Wannan ba ƙarya ba ne, ba zan ɓoye ba. Birnin Munich na Jamus ma ya koma Linux, sa'an nan a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa baya. Amma rashin mai gyara ba halin kayan ba ne, sakamakon abin da muka koyar ne. Ranar da aka kafa Afridev na farko a ƙauye, masu gyaransa nawa ne a wurin? Babu ko ɗaya. Aka zaɓi mutum biyu uku, aka koya musu, aka ajiye roba a shago. Jihar Kerala ta Indiya ta ɗora makarantun gwamnatinta a kan manhaja mai 'yanci shekaru da yawa ke nan, ta horar da malamanta, yaran kuwa ba su zama koma-baya ba. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnatinta wajen 30,000 kan LibreOffice da Linux. In masu kuɗi suna gudun haya, mu da me muka dogara?

Abin haushin shi ne, manyanmu ba jahilan wannan magana ba ne. Tun 2003 aka buɗe cibiyar koyar da ilimin kwamfuta mai sunan Kofi Annan a Ankara, da taimakon Indiya, ta kuwa yi suna wajen koyar da manhaja mai 'yanci. A 2010 masu wannan aiki daga ƙasashen Afirka suka yi babban taronsu a Ankara. An yi jawabi, an ci abinci, an ɗauki hoto. Me ya ƙetare Volta ya iso mana? Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ban zargi kowa da cin komai ba, amma kowa ya san sayen sabbin kaya yana da biki da yanka kirtani da sunan mai girma a jarida, koya wa malamin ƙauye gyaran tsohuwar kwamfuta kuwa ba shi da ko ɗaya. A 2021 aka raba wa malamai kwamfutocin hannu, aka ce su biya kashi 30 cikin ɗari na kuɗin. Tun da sun biya, sai mu tambaya: wa aka koya wa gyaransu a Pusiga? In ta mutu a Widana ko Kulungugu, ina za a kai ta?

Ba na roƙon jirgin sama. Muna da Kwalejin Gbewaa a nan garin, inda ake horar da malaman da za su watsu cikin dukan ƙasar Kusasi da gaba. Muna da majalisar gundumarmu tun 2012. A ware ɗaki ɗaya a kwalejin, a tattara kwamfutocin da aka jingine a sito don an ce sun tsufa, a sa musu Linux, kowane ɗalibin malanta ya kwance ɗaya ya ɗaura kafin a ba shi takarda. A kira yaran da suke gyaran waya a ƙarƙashin laima a bakin kasuwa su shiga ajin, gama su ne masu riƙe sifana na wannan zamani. Masu shirya jarrabawa su tambayi yaro yadda ake tsara wasiƙa da yadda ake lissafi a jadawali, su bar shi ya yi da kowace manhaja ya samu. Duk ofishin da yake ajiye sunayen mutane da filayensu da makin 'ya'yansu, ya ajiye su a buɗaɗɗen tsari. Duk ranar da gwamnati za ta sāke sayo wa makarantu kaya kuma, a rubuta cikin yarjejeniya cewa mai gyara na Bawku yana da izinin buɗe su, a kuma faɗi shagon da za a sami batirinsu da farashinsa da sidi.